Zanen kakin zuma: Da gaske yana shekara 2,000 bai lalace ba?

A watan Mayun 2023 aka fitar da wasu akwatuna daga birnin Kyiv a asirce, cikin rakiyar jami'an tsaro, aka ratsa da su Foland da Jamus har zuwa gidan tarihi na Louvre da ke Paris. Kayan fasaha 16 ne a ciki, mallakar gidan tarihi na Khanenko, wanda makami mai linzami da ya faɗi kusa da shi a watan Oktoban 2022 ya farfasa wa tagogi.

Huɗu daga cikin kayan alluna ne da aka zana tun ƙarni na 6 da na 7 Miladiyya. An yi su ne da kakin zuma da aka narka aka gauraya da launi, salon da Turawa ke kira enkostik, daga wata kalmar Girkanci mai nufin ƙonawa.

Akwatunan da aka sa su na musamman ne, masu daidaita zafi da sanyi da danshi. Wannan abin lura ne, domin a daidai lokacin da masana ke lallaɓa waɗannan alluna kamar ƙwai a cokali, masu sayar da sabbin zanen kaki a Amurka da Turai suna tallata hajarsu da magana ɗaya: zanen kaki ba ya tsufa, ga na Masar nan sun kusa shekara 2,000 launinsu bai dushe ba.

Akwai gaskiya a maganar. Sai dai an yanke mata kai da ƙafa.

Yadda ake yin sa

Ɗakin mai zanen kaki ya fi kama da ɗakin girki. Akwai farantin ƙarfe da lantarki ke ɗumamawa, a kansa ƙananan gwangwanaye, kowanne da launinsa a narke. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Selshiyos, masu zane kuma kan riƙe farantin tsakanin 80 da 95.

Ana tsoma burushi mai gashin dabba, saboda na roba narkewa yake yi, a shafa a kan allo. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan kakin ya daskare. Mai zanen fentin mai yana iya yini yana gyara wuri ɗaya, wani lokaci ya jira kwanaki kafin ya bushe. A nan babu wannan jira, kuma babu wannan sarari. Hannu ya yi nawa, burushi ya manne.

Bayan kowane shafi sai a bi shi da wuta, ko dai na'urar hura iska mai zafi ko ƙaramin kan gas, har sai sabon kakin ya haɗe da na ƙasansa. Wanda ya tsallake wannan mataki, zanensa zai riƙa ɓamɓarewa kamar ɓawon albasa. Wanda ya zarce kuma, launukan su kwarara su cakuɗe. Gwanintar sana'ar kusan duk a nan take.

Allon ma ba kowanne ba. Dole ya zama mai tauri, mai shan kaki, kamar katako. Yadin da ake ɗaurewa a firam yana motsi, kaki kuma ba ya son motsi, tsagewa yake yi.

Abin da ke jan masu zane zuwa gare shi shi ne yadda haske ke ratsa shi. Idan aka jera shafi goma ko ashirin, abin da ke ƙasa yana leƙowa kamar dutse a ƙarƙashin ruwa mai tsabta. Ana iya kankarewa, a sassaƙa, a binne takarda ko zare ko ganye a ciki. Ba a buƙatar sinadarin tsarma fenti, ba a buƙatar shafa masa man ƙyalli. Tsumma mai laushi ya isa.

Fuskokin Fayyum

Shaidar da ake kafawa da ita a kullum ita ce allunan Fayyum, wani yanki mai dausayi a kudu maso yammacin Alƙahira. Daga ƙarni na 1 zuwa na 3 Miladiyya, lokacin da Masar ke ƙarƙashin Romawa, masu hali kan sa a zana fuskar mamaci a kan siririn allo, a ɗaure shi a kan gawar da aka naɗe, daidai wurin fuska.

Kimanin 1,000 ne aka sani a yau. Wanda ya gan su ko da a waya ba ya saurin mantawa: manyan idanu, gashi a murɗe, 'yan kunne, gemun da bai gama fitowa ba, har da tamojin goshi. Mutane ne irin waɗanda za ka iya cin karo da su a kasuwa.

Yawancinsu ba sa Masar. A 1887 wani dillalin kayan tarihi na Vienna, Theodor Graf, ya sayi tarin allunan da aka tono a er-Rubayat ya bazama da su kasuwannin Turai da Amurka. Baturen Ingila Flinders Petrie ya tono wajen 146 a Hawara, a 1888 da 1911. Da yawa an raba su da gawarwakinsu, aka ɗauki fuska aka bar mai fuska, don haka ba a san sunayen galibinsu ba.

Da aka buɗe katafaren gidan tarihi na Masar kusa da dalar Giza a watan Nuwamban 2025, kiran a dawo da kayan ƙasar ya sake tashi. Abubuwa uku aka fi ambata: dutsen Rosetta da ke Landan, zanen taurari na Dendera da ke Paris, da mutum-mutumin Nefertiti da ke Berlin. Allunan Fayyum sun warwatsu a gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa masu yawa, babu guda ɗaya da za a yi gangami a kansa. Shi ya sa sanarwar da ma'aikatar kayan tarihi ta Masar ta yi a watan Disamban 2022 ta ja hankali: masu tono 'yan ƙasar sun gano sabbin alluna a Gerza, cikin Fayyum, bayan fiye da shekara ɗari, kuma a wannan karon an san kabarin da kowanne ya fito.

Kaki ne ya tsare su, ko rairayi?

Ga tambayar da masu talla ba sa so.

Marubucin Roma Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79, ya lissafa mashahuran masu zanen kaki na Girka, irin su Pausias na ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Sarakuna da attajirai sun yi rububin ayyukansu. Ko allo ɗaya nasu bai kai gare mu ba. Danshi da gara da gobara da yaƙi sun cinye su kaf, duk da cewa da kakin aka yi su, kuma su ne gwanayen zamaninsu.

Waɗanda suka tsira ayyukan masu zanen lardi ne da ba a san sunansu ba, kuma sun tsira ne saboda inda suka kwana: cikin kabari, a gefen hamada, babu rana, babu ruwa, babu hannun mutum.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi. Ba dukkan allunan Fayyum ne aka yi da kaki ba. Wani kaso mai yawa an yi su ne da launin da aka kwaɓa da danƙon fatar dabba ko makamancinsa. Su ma suna nan. Idan kaki kaɗai ne sirrin, da ba mu gan su ba.

Allunan da aka kai Paris daga Kyiv ma labarinsu ke nan. Asalinsu daga gidan zuhudun Kirista na Saint Catherine ne da ke gindin dutsen Sinai, wanda sarki Justinian ya gina a ƙarni na 6. Wani malamin cocin Rasha, Porfiry Uspensky, ya ɗauke su a tsakiyar ƙarni na 19. Abu biyu ya tsare allunan Sinai: busasshiyar iskar duwatsu, da siyasa. A ƙarni na 8 da na 9, lokacin da sarakunan Rum ta Gabas ke farfasa hotunan coci-coci, Sinai tana ƙarƙashin mulkin Musulmi, umarnin bai kai can ba.

Ba a hana kaki haƙƙinsa. Ba ya shan ruwa, ba ya yin duhu da tsufa irin yadda fentin mai ke yi, yana kuma rufe ƙwayar launi ya raba ta da iska. Pliny ma ya ambaci yadda ake shafa shi a jikin jiragen ruwa saboda rana da gishiri ba sa cinsa. Amma yana tsoron zafi, yana tsagewa a sanyi mai tsanani, farce ma yana iya yi masa rauni.

Haɗin da da na yanzu ba ɗaya ba ne

Matsala ta biyu a tallar ita ce, abin da ake narkawa a ɗakunan zane na yau ba shi ne abin da mutanen Fayyum suka yi aiki da shi ba.

Haɗin zamani shi ne kakin zuma da ƙaron damar, kashi biyar zuwa takwas na kaki a kan kashi ɗaya na ƙaro. Ƙaron yana ƙara wa kakin tauri da ƙyalli, yana kuma ɗaga zafin da zai narke. Daga itatuwan kudu maso gabashin Asiya ake samun sa, musamman Indonesiya, kuma sai a ƙarni na 19 ya shiga hannun masu zanen Turai. Wato haɗin da ake cewa ya shekara 2,000, bai wuce kimanin 200 da samun kayansa ba.

Na mutanen da kuwa, har yau ana gardama a kansa. Pliny da Dioscorides sun bayyana wani kaki da ake tafasawa da ruwan teku da kanwa, a shanya a rana har ya yi fari. E, kanwa, irin wadda muka sani. Wasu masana na ganin kanwar tana mayar da kakin wani abu mai kama da sabulu, wanda za a iya shafawa da sanyinsa ba tare da wuta ba. Wasu na cewa wanke shi kawai take yi. Sawun da ke jikin allunan ya nuna an yi amfani da burushi a tufafi da bango, da wani ƙarfe mai baki a fuska, amma wannan bai kashe gardamar ba.

Tun 2013 gidan tarihi na Getty da ke Los Angeles ke jagorantar wani shiri mai suna APPEAR, inda gidajen tarihi da dama ke tara sakamakon binciken allunansu wuri ɗaya. Abin da ke fitowa yana da ban mamaki. Caroline Cartwright ta gidan tarihi na Birtaniya ta gano kusan bakwai cikin goma na allunan da ta duba an yi su ne da itacen linden, wanda ba ya tsiro a Masar, daga Turai ake shigo da shi. Wasu kaurinsu bai wuce milimita biyu ba. Masu bincike na Jami'ar Northwestern kuma sun gano shuɗin nan na Masar a ɓoye ƙarƙashin wasu fuskokin Tebtunis, an yi amfani da shi wajen shata zane da gyara inuwa, inda ido ba ya ganinsa a matsayin shuɗi.

Wannan ya nuna sana'a ce mai tsari da kasuwa mai nisa, wadda ilminta ya yanke. Bayan ƙarni na 7 launin da ake kwaɓawa da ƙwai ya maye gurbinta saboda ya fi arha da sauƙi. Abin da ake yi yau sabon gini ne a kan tsohon suna.

Lantarki ne ya dawo da shi

An sha ƙoƙarin farfaɗo da shi. A Faransa Comte de Caylus ya gwada a shekarun 1750. Diego Rivera ya yi wani babban zanen bango da kaki a birnin Mexico a 1922 zuwa 1923. Abin da ke kayar da mutane shi ne gawayi: riƙe kaki a zafi ɗaya na tsawon yini a kan garwashi aiki ne ja.

Farantin lantarki ya kawar da wannan. A 1954 wani matashi Ba'amurke, Jasper Johns, ya fara zana tutar ƙasarsa da fentin gida, ya ga ba ya bushewa da wuri, sai ya koma kaki, yana tsoma yankakkun jaridu a ciki yana mannawa. Zanen yana gidan MoMA a New York, kuma mai kallo na iya hango rubutun jaridun a ƙarƙashin launi. Wani zanen tutar da ya yi a 1983 an sayar da shi dala miliyan 36 a gwanjon Sotheby's a 2014.

Duk da haka sai da kayan suka shiga kanti salon ya yaɗu. Kamfanin R&F ya fara sayar da haɗaɗɗen launin kaki a 1988. Littafin Joanne Mattera na 2001 ya zama jagorar masu koyo, taron shekara-shekara da ta kafa a 2007 kuma ya haɗa su wuri ɗaya. Daga nan YouTube da Instagram suka karɓa. Narkakken kaki yana kyau a bidiyo.

Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne hayaƙi. Kakin da ya wuce digiri 100 da 'yan kai yana fara sakin sinadarai masu cin ido da maƙogwaro da huhu, ciki har da akrolin. Karl Zerbe, Bajamushen da ya koyar da zanen a Boston kuma ya taimaka wajen dawo da shi Amurka, dole ya bar shi saboda yadda hayaƙin ya taɓa lafiyarsa. Idan zafin ya kai wajen 200 kuwa, wuta yake kamawa, kuma zuba masa ruwa ƙara bazuwa yake sa shi, kamar man gyaɗa a kasko. Ɗakin da babu fankar fitar da iska da ma'aunin zafi bai cancanci a kunna faranti a cikinsa ba. Wasu launukan garin ma, irin na kadmiyom da kobalt, guba ne idan aka shaƙa.

Daga ina kakin yake zuwa?

Nan ne maganar ta bar gidajen tarihi ta shiga kasuwa.

Ƙudan zuma suna wahala kafin su yi kaki. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne sai sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su fitar da kilo ɗaya. Masu buƙatarsa kuma suna da yawa: masu man shafawa da jan baki, masu magunguna, masu kyandir ɗin coci, da su kansu masu kiwon zuma na zamani da ke sa wa ƙudan shimfiɗar saƙa. Masu zane 'yan ƙalilan ne a layin.

Abu mai tsada da ake nema, algus ba ya nisa da shi. Ana gauraya kakin zuma da farafin, wato kakin man fetur da ake yin kyandir ɗin kanti da shi, ko da wani kitse mai suna sitiyarin. A wajen 2016 masu kiwon zuma a Beljiyam da maƙwabtanta sun ga 'ya'yan ƙudansu na mutuwa a saƙar da aka yi da irin wannan kaki, har hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2020. Ga mai zane, illar ita ce farafin yana da gautsi. Zanen da ya yi yawa a ciki yana saurin tsagewa da ɓamɓarewa, kuma ido ba ya bambance shi a ranar saye.

Akwai kuma maganin ƙwari. A Turai da Amurka ana yaƙi da wani ƙwaro mai kama da kaska, varroa, da sinadaran da ke narkewa su zauna a cikin kaki. Ƙudan Afirka sun fi jure wa ƙwaron, yawancin masu kiwo a nahiyar ba sa sa maganin, don haka kakin Afirka yana da suna a kasuwar duniya wajen tsabta. Habasha ce ke kan gaba a nahiyar, Tanzaniya ma tana fitarwa.

A ƙasar Hausa kuwa, mai amya zuma yake nema. Ya matse saƙa, ya cika galan, tukar ya watsar ko ya bar wa yara su tsotsa. Abin da yake zubarwar shi ne wanda maƙeran Benin suka daɗe suna siffanta kayan tagullarsu da shi kafin zubi, shi ne kuma ake nema a Turai da kuɗin waje. Tace shi ba ya buƙatar inji: a narka saƙar cikin ruwan zafi, a tace da tsumma, a bari ya huce, kakin ya taso sama ya daskare kamar faifai. Sharaɗin kawai kada a yi a tukunyar baƙin ƙarfe ko ta tagulla, domin suna ɓata masa launi.

Ko zai yiwu a nan?

Ɗalibin zane a Zariya ko Maiduguri da ya ga bidiyon ya yi sha'awa yana da abin da takwaransa na New York ba shi da shi: kaki mai kyau a kasuwar ƙauye, da jar ƙasa da baƙin gawayi, waɗanda suna cikin ainihin launukan da masu zanen Fayyum suka fi dogara da su. Salon kuma bai ɗaure kowa ga zana fuska ba. Yawancin masu yin sa a yau siffofi da rubutu da zane-zanen ado suke yi, kuma dagi ko adon bangon gidajen Zazzau zai zauna daram a cikin kaki, tunda ana iya tayar da shi a sassaƙa.

Cikas biyu ne. Na farko wuta: faranti yana son lantarkin da ba ya yankewa, komawa risho ko gawayi kuma komawa ce ga matsalar da ta hana salon yaɗuwa ɗaruruwan shekaru, ga haɗarin gobara.

Na biyu bazara. Masu haɗa launin suna ba da shawarar kada zane ya zauna a wurin da ya wuce digiri 50. A Sakkwato ko Yamai, watan Afrilu, inuwa kanta tana haura 40. Zanen ba zai narke a bangon falo ba, amma zai yi laushi, ƙurar da ta sauka kuma ta samu wurin zama. A ɗakin kwano da tsakar rana, ko a bayan motar da aka ajiye a rana, magana ta ƙare.

Ƙa'idojin haɗin da ke yawo a intanet an tsara su ne don ɗakunan Amurka da Turai. Wanda zai yi a nan sai ya nemo nasa ma'aunin: ya haɗa kaki da ƙaron damar kashi-kashi daban, ya shafa a ƙananan alluna biyar ko shida, ya rubuta haɗin kowanne a bayansa, ya rataye su tun daga hunturu har ruwan farko ya sauka, sannan ya gwada kowanne da farce.